Mota Mai Kujera Biyu

Mahaifinmu, wanda muke kira Baffa, bai taɓa kiran sunan yayana Hamma Musaddiƙ ba, ko sau ɗaya, a iya sanina. Hamma shi ne ɗan fari a gidanmu, mu kuwa Fulani ne na wani ƙauye da ke bayan Roni, inda har gobe ake riƙe da kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. In Baffa zai ambace shi sai ya ce "wancan", ko ya ce "na Kazaure", don tun yana ɗan shekara uku aka miƙa shi gidan kawunmu a Kazaure. A can ya girma, a can ya yi boko, ya koyi kanikanci. In ya zo gida sai ya durƙusa daga nesa ya yi gaisuwa, Baffa ya amsa yana kallon turken shanu. Daga nan duk wata magana da ta rage sai ta bi ta bakina.

"Zaituna, ki ce masa ya ci abinci."

"Zaituna, ki ce wa Baffa na ƙoshi, na gode."

Suna tsakar gida ɗaya, tsakaninsu bai fi taku biyar ba, kowa yana jin kowa sarai, ni kuma ina tsakiya ina kai-kawo. Tun ina 'yar shekara bakwai nake wannan aiki. Na yi aure, na dawo Kazaure na zama malamar firamare, na haifi 'ya'ya biyu, amma ba a sauke ni daga muƙamin ba. Da waya ta zo ma, ni Baffa yake kira ya ba ni saƙon da zan kai wa mutumin da lambarsa ke cikin wayar tasa. Ina yawan mita a kai, amma in faɗa muku gaskiya, ina jin daɗin abina. A gidan da ke da 'ya'ya tara, ni kaɗai ce ba a iya yi sai da ni.

Hamma yana da gareji a bakin hanyar Daura, kuma Allah ya ba shi hannu, motar da ta gagari wasu ita ake turo masa. Da ya tsaya a nan da babu wannan labari. Sai ya sayar da bijimai biyu daga cikin rabonsa na garke, ya sayo wata tsohuwar mota da ta yi hatsari, shi da abokinsa Sama'ilu mai walda suka koma bayan gareji suna yanka suna liƙi. Shekara uku cur suka yi a haka. Wai motar tsere yake ƙerawa, irin wadda yake gani a waya. A Kazaure fa! Garin da kafin ka sa giya ta huɗu ka riga ka fita daga cikinsa.

Ranar da fenti ya bushe ya kira ni ya ce in biyo in na tashi daga makaranta. Na sauka daga keke mai ƙafa uku da jakar littattafan 'yan aji huɗu a hannuna, ya ja ni bayan gareji ya yaye tamfol. Ja ce jawur, tana ɗaukar ido, tsayinta bai wuce ƙuguna ba, ta kwanta a ƙasa kamar ƙadangaren da ke shan hantsi. Ba zan yi ƙarya ba, kyanta ya burge ni matuƙa. Amma ni ba a san ni da saurin yabo ba.

"Hamma, wa ya zauna a kanta ta lotse haka?"

Sama'ilu ya ƙyalƙyale da dariya. Hamma bai ji haushi ba, ya shiga yi mini bayani yana shafa ta. Ya ce ita mota, duk abin da ka samu a jikinta sai ka bar wani abu. Ya sauke ta ƙasa ne don ta kama titi in an sha kwana, kada ta kife. Ya danne rufin don iska ta zame ta wuce ba tare da ta tokare ta ba. Injin kuma ya cire shi daga gaba ya kai shi bayan kujeru, don nauyi ya zauna a tsakiya. Ya ce ƙafafunta masu tauri ne, ko tsakuwa ka taka sai ka ji ta a gadon bayanka, amma sitiyari ba zai taɓa yi maka gardama ba. Wata Lahadi da sassafe, kafin hanya ta cika, sun gwada ta a wajen Kanya Babba, allura ta kai ɗari da sittin.

"To madalla," na ce. "Tudun rage gudun nan na gaban kasuwa fa?"

"Sai a hau shi a karkace, a hankali."

"Buhun gero a ina za a sa?"

"Babu but. Inji ne a wurin."

"Mai naƙuda fa, in ta taso?"

"Malama, ba motar asibiti na ƙera ba."

"To motar me ka ƙera? Ni nan shekara tara ina zuwa aiki a keke, ban taɓa makara saboda rashin mota ba. Baffa ya haura saba'in da ƙafarsa da sandarsa, ya je Gwiwa, ya je Babura, har Nijar ya tsallaka da shanu ya dawo. Mota mai hankali ma ba kowa ke bukatarta a garin nan ba, balle wannan da ko akuya ba za ta ɗauka ba. Kujera biyu kacal! Ko matarka Rahamatu ce ta shiga, ina za ta sa goyo?"

Sama'ilu ya ɗauki butarsa ya ce bari ya yi alwala, ya ba mu waje. Hamma ya zagaya ya buɗe ƙofar kujerar da ke kusa da ta direba. Kujerar wajen ta bambanta da tasa, an lulluɓe ta da jemammiyar fata fara, ɗinkin dukawa, mai laushi.

"Wannan ta Baffa ce," ya ce.

Na dube shi.

"Shekarata talatin da takwas, Zaituna. Ban taɓa zama da mahaifina mu biyu ba. In na shiga ɗaki ya fita. In muka hau mota ɗaya ya nemi kujerar baya, ya sa mutum a tsakani. Ba na ganin laifinsa, haka ya tarar ana yi. Amma in mota ba ta da wajen mutum na uku fa? Wa zai ce ya yi rashin kunya? Duk wanda ya gan mu zai ce ai motar ce ba ta da waje. Tsakanin Roni da Kazaure kawai nake so. Ko bai ce mini uffan ba, in dai ji numfashinsa a kusa da ni."

"Ka ce don haka ka kai injin baya."

"Don gudu ne," ya ce, ya ɗan murmusa. "Amma da na ga ya cinye kujerar baya, ban yi baƙin ciki ba."

Ya kamata in ji tausayinsa, kuma na ji. Amma akwai wani abu da ya riga tausayin isa zuciyata. Na dubi motar nan daga hanci har wutsiya, na ga shekara uku yayana ya yi yana auna ƙarfe don ya tabbatar babu inda zan zauna. Ban faɗa masa ba. Na ce Allah ya sa alheri, na tari keke na tafi gida.

Da ruwan shuka ya sauka ya ce mu je a nuna wa Baffa. Na ƙi shiga, na ce ba zan riga mai kujera zama ba, na hau ɗan acaɓa na bi shi a baya. Duk inda muka ratsa sai mutane sun saki fartanya sun tsaya kallo. Amma daga inda kwalta ta ƙare zuwa ƙauyenmu akwai tafiyar rabin sa'a a ƙafa, hanya ce ta yashi da duwatsu, ruwa kuma ya zaizaye ta. Hamma ya gwada, cikin motar ya gurji dutse, na ga ya runtse ido. Ya ja da baya ya ajiye ta a gindin wata tsamiya. Ni na ƙarasa a babur, na gaya wa Baffa cewa na Kazaure ya zo da abinsa, amma abin ya ƙi ƙarasowa.

Na zaci zai ce a gaishe shi. Sai na ga ya ɗauki sandarsa da malafarsa, ya kira dattawa uku abokan zamansa, suka kama hanya.

Baffa ya zagaye motar sau biyu, Hamma yana durƙushe can gefe kansa a ƙasa. Ya leƙa ta gilashi, ya ƙwanƙwasa jikinta da ɗan yatsa, ya dafa sanda ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashinta. Inda laka ta fantsama a jikin ƙofa ya sa hannun rigarsa ya goge, yana yi kamar bai san yana yi ba. Sannan ya miƙe ya ce wa abokansa da Fillanci, da ƙarfi:

"Kun ga aikin banza ko? Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar maraƙi, ba ta ɗaukar marar lafiya, ko ƙofar gida ba ta iya zuwa."

Duk wanda ya tashi a gaban Baffa ya san fassarar wannan magana. Mutum ne da ba ya yabon abin da yake so, yana tsoron kada baki ya kama shi. Saniyar da ta fi kowace nono a garkenmu, "wannan ƙwarangwal ɗin" yake ce mata. Ni kaina, duk ranar da na zo ta ɗaya a aji sai ya ce daƙiƙiya ta dawo. In ka ji Baffa yana kushe abu a bainar jama'a, to abin ya shiga ransa. Dattawan ma sun gane, sai murmushi suke yi cikin gemu. Hamma ne kaɗai bai sani ba, don bai tashi a gabansa ba, Fillancinsa kuma bai wuce na gaisuwa ba.

Baffa ya ja ni gefe ya rage murya.

"Ki faɗa masa abin da na ce. Ki kuma ce masa ya bar ta yadda take, kada ya taɓa komai. Yanzu ga shuka, ga idon mutane a kaina. In an cire amfanin gona zan zo Kazaure da kaina, ya dawo da ni gida a cikinta." Ya ɗan tsaya, ya gyara malafa. "Ke sai ki zauna wajen 'ya'yanki ranar, tunda ba waje."

Ya juya ya kama hanyar gida shi da abokansa, bai waiwayo ba. Hamma ya taso yana karkaɗe gwiwa, idonsa a kan bakina.

"Me ya ce?"

Na faɗa masa. Buhu, maraƙi, marar lafiya, ƙofar gida, aikin banza, ban rage ko ɗaya ba. Na buɗe baki zan ci gaba, sai na ji "tunda ba waje" ta sake dukan kunnena. Na rufe bakina.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Na ga kun ɗan daɗe a gefe."

"Maganar Inna ce, ƙafarta ta sake kumbura."

Ya gyaɗa kai. Ya tsaya ya dubi farar kujerar ta gilashi, sannan ya shiga ya tayar. Motar da ke yin ɗari da sittin, ranar sai da ɗan acaɓana ya wuce ta kafin mu isa Roni.

Na ce wa kaina gobe zan faɗa masa, bari dai shi ma ya ɗan ji yadda ake ji. Gobe ta yi na ce jibi. Da aka kwana bakwai sai kunya ta kama ni, don in na faɗa zai tambaye ni me ya sa na ɓoye, ni kuma ba ni da amsar da za ta fito daga bakin babbar mace mai 'ya'ya biyu. Na daina bi ta gaban garejin, in mai keke zai bi ta nan sai in ce ya bi ta bayan tasha. Na riƙa lallashin kaina da cewa ai ba a rasa komai ba: kaka za ta zo, Baffa zai bayyana a ƙofar gareji, Hamma ya sha mamaki, farin cikin ma ya fi yawa. Rahamatu ta ce mini kwana biyun nan mijinta ba ya magana, kullum yana bayan gareji shi da Sama'ilu, sai ƙarar ƙarfe. Na ce mata ai ya saba. Wauta dai babu irin wadda ban yi ba a daminar nan.

Aka yanke gero. Wata Asabar da hantsi na ji sallama, na leƙo na ga Baffa yana saukowa daga bayan babur. Sabuwar farar riga ce a jikinsa, ko karin ninki bai sake ta ba, da sabuwar hula, yana ƙamshin turare. Ban taɓa jin turare a jikin Baffa ba sai ranar Idi. Ya rame, kuma yana wani ɗan tari da ban san shi da shi ba. Na kawo fura ya ce a'a.

"Kai ni wajen na Kazaure. In kin kai ni ki dawo abinki."

Muka tari keke. Ya tambaye ni, yana kallon waje, ta wane gefe ake shiga jar motar, kuma in mutum ya zauna ƙasa haka ta yaya yake tashi. Ya ce wata biyu ke nan yana ɗaukar 'yar kujerar tsakar gida ta Inna, in ba kowa, ya zauna ya gwada miƙewa ba tare da sanda ba, don kada ya ba da kunya a gaban mutane. Na yi dariya har da hawaye, ina cewa a raina yau komai zai gyaru.

A ƙofar garejin wata a-kori-kura ce tsaye, shuɗiya, mai doguwar ƙafa, bayanta a buɗe da ƙarafan ɗaure kaya. Ban ko kula ta ba, na wuce bayan gareji ina neman tamfol. Tamfol ɗin yana nan a naɗe. A jikin bango na ga jajayen ƙarafa a jingine: ƙofa biyu, rufi, da hancin motar an raba shi biyu da wutar walda, kaji suna tona a ƙarƙashi.

Hamma ya fito daga ƙarƙashin wata mota, ya ga Baffa, ya zube ya yi gaisuwa. Baffa ya amsa yana kallon titi. Hamma ya miƙe ya goge hannunsa da tsumma, ya dube ni, ya nuna shuɗiyar.

"Zaituna, ki ce wa Baffa na ji maganarsa. Na dawo da injin gaba, na ɗaga ta sama. Yanzu tana ɗaukar buhu goma sha biyu. Tana ɗaukar maraƙi. Marar lafiya zai kwanta a baya ya miƙe ƙafa. Tana shiga har ƙofar gida. Gaba kuma benci ne, mutum uku." Ya dafa ƙofarta. "Ki ce masa yanzu ba aikin banza ba ce."

Ban maimaita ba. Baffa ya dubi shuɗiyar motar, ya dubi jajayen ƙarafan da ke jikin bango, sannan ya dube ni. Kallon bai daɗe ba, amma na san ya gane komai, ya san daidai inda na yanke saƙonsa da abin da ya sa na yanke. Da ya ɗaga sandar nan ya sauke mini a ka da na gode masa.

"Hamma," na ce, "ranar nan a gindin tsamiya, ni ce…"

"Rana tana yi," Baffa ya katse ni. "A tafi."

Ba zai bari a faɗa a gaban Sama'ilu da masu jiran gyara cewa shi, Muhammadu Lawal, ya yi wanka ya shafa turare don ya zauna kusa da ɗansa na fari ba. Na ce to su je, ni zan koma, na bar girki a wuta. Baffa ya leƙa cikin motar, ya ga bencin nan mai faɗi.

"Ga waje," ya ce. "Shiga."

"Baffa, ai ka ce…"

"Shiga, 'yar nan."

Na shiga tsakiya, giya tana bugun gwiwata. Baffa ya hau a hankali, bai ma sunkuya ba, hularsa ko rufi ba ta taɓa ba.

Abin haushi, motar ta yi daɗin tafiya. Tudun gaban kasuwa ta haye shi ko a jikinta. Muka bar duwatsun Kazaure a baya, muka shiga gonaki an jera dammunan gero, ƙamshin turaren Baffa ya cika wajen. Da muka isa Roni na ce a tsaya, zan sauka in duba wata ƙawata, su ƙarasa. Hamma ya fara rage gudu. Sai na ji hannun Baffa ya damƙe gefen hijabina ta ƙasa, inda Hamma ba zai gani ba, ya riƙe gam. Ƙarfin halin da ya yi wata biyar yana tarawa na mota mai kujera biyu ne. A wannan kuwa, in na sauka, wajen zai zauna fili kowa yana gani, za a san shi ya zaɓa. Na ce wa Hamma ya wuce kawai, na fasa.

Muka sauka daga kwalta, muka shiga yashi. Baffa ya yi tari, sannan ya yi magana, da Hausa wannan karon.

"Ki tambaye shi, jar nan, gudu nawa take yi?"

Na tambaya.

"Ki ce masa ɗari da sittin."

Na faɗa. Baffa ya jinjina kai, ya ce "Kai!" a hankali. Muka ɗan ƙara tafiya.

"Ki ce masa waccan ta fi kyau."

Tun da nake ban taɓa jin Baffa ya yabi wani abu ba sai ranar. Na juya ga Hamma na faɗa masa yadda aka faɗa, sannan kuka ya ƙwace mini, na amayar da duk abin da na haɗiye wata biyar: ya bar ta yadda take, kada ya taɓa komai, zan zo da kaina, ya dawo da ni gida a cikinta. Baffa bai hana ni ba, ya dai juya fuskarsa ga taga.

Hamma ya taka birki a tsakiyar yashi. Ya daɗe riƙe da sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba, hawaye yana sauka cikin gemunsa bai share ba. Na jira ya zage ni, ina ma roƙon ya zage ni. Ko kallona bai yi ba.

"Ki ce masa zan sake haɗa ta. Ƙarafan suna nan. Ya ba ni shekara ɗaya."

"Ki ce masa Allah ya kai mu," in ji Baffa.

Motar ta kai mu har ƙofar gida. Mata suka fito suna guɗa, dattawa suna sa wa Hamma albarka, ana cewa yanzu na Kazaure ya yi hankali.

Daga nan shuɗiyar ba ta sake hutawa ba. Ta kai gero kasuwa, ta kwashi kayan ɗakin amare, ta fito da masu naƙuda biyu daga ƙauyenmu, duka suka sauka lafiya. Duk abin da na tsaya ina lissafa masa ranar da ya yaye tamfol, ta yi shi. Na yi gaskiya ta kowace fuska, kuma ban taɓa tsanar gaskiyata kamar haka ba. Hamma ya samo wani inji daga Kano, shi da Sama'ilu suka koma bayan gareji, suna aiki har ranar Juma'a. Sun kai ga liƙe hancin, sun ɗora rufi, saura ƙofofi.

Tarin Baffa bai jira walda ba. Da bazara ta tsananta ya kwanta, muka kawo shi asibiti a Kazaure. Hamma yana zuwa kullum, amma baranda yake zama, in zai gaishe shi sai ya leƙo daga bakin ƙofa. Ranar ta huɗu, bayan la'asar, na ga Baffa ya ɗan farfaɗo, idonsa ya washe. Na ce a raina yau zan gyara abin da na ɓata. Na lallaba Inna ta tafi gidana ta yi wanka. Na fito na ce wa Hamma ya shiga ya zauna a bakin gadon, ni zan je in dawo. Na kashe wayata, na fita daga asibitin gaba ɗaya, na tsallaka titi na zauna a bayan rumfar wata mai ƙosai, inda ba mai ganina. Ina zaune ina jin daɗi, ina ƙirga musu lokaci.

Abin da ya faru a ciki daga bakin Hamma na ji. Ya ce ya shiga ya zauna a kujerar da na tashi. Baffa ya buɗe ido ya gan shi, ya duba hagu ya duba dama, ya ga ba kowa namu. Ya ce sun kai kamar minti ɗaya suna kallon juna, sannan Baffa ya kawar da kai.

"Ina Zaituna? A kira ta. Akwai abin da za ta faɗa wa na Kazaure."

"Baffa, ga ni. Ka faɗa mini."

"A kira ta."

Hamma bai taɓa musa wa Baffa ba, bai kuma san yadda ake farawa ba. Ya tashi ya fito. Ya kira wayata a kashe, ya duba masallacin mata, ya duba wajen karɓar magani, ya zagaya asibitin sau biyu yana tambayar masu gadi. Da ƙyar ya hango hijabina a bayan rumfar. Muka tsallako titi da gudu, takalmina ɗaya ya fita ban tsaya ɗauka ba. Muka tarar ma'aikaciyar jinya tana ja masa mayafi.

Shekara biyu ke nan. Hamma bai taɓa tayar mini da maganar tsamiya ba, yana zuwa gidana, yana ɗaukar 'ya'yana, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Sau ɗaya dai, muna zaune a tsakar gida bayan sadakar arba'in, ya tambaye ni yana wasa da ƙasa da ɗan tsinke.

"Zaituna, ke kin san maganarsa. Me kike ganin zai ce?"

Ina da amsoshi masu daɗi cike da baki, kuma duk wadda na zaɓa zai yarda, zai riƙe ta har ya mutu. Na daɗe ina kallonsa yana jira.

"Ban sani ba, Hamma," na ce. "Bai faɗa mini ba."